Mai A-kori-kura a Garejin Delbert

Ina zaune a garejin Delbert da ke Casper, ina jiran a canja min taya. Ga wani dattijo jajir, mai faffaɗar hula, yana zagaya ƙatuwar a-kori-kurarsa. An ɗora mata ɗakin kwana na masu yawon daji, nauyinsa har ya danne bayanta.

"Delbert, cire min shokabzoban nan ka sa manya," in ji shi. "Jiya a hanyar dutse ta yi ta rangaji, har kwalaben giyata suka fashe."

Kwalabe! Ga matarsa tsaye a gefe, 'yar siririya, wuyanta sanye da abin tallafe wuya na asibiti, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Kujerar da ta rage a garejin guda ce, jakarsa ce a kai. In za ta kalli mutum sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya. Ba jiya motar nan ta fara jijjiga ta ba. Wa ya san shekara nawa take cije leɓe a kowane rami?

Delbert ya goge hannu ya dube ta. "Ke fa, Madam, ya kike jin ta a hanya?"

Ta buɗe baki ke nan mijin ya cafe: "Arlene? Ai ita ba ta da matsala, barcinta kawai take sha."

Ta rufe bakinta. Shi kuwa ya durƙusa yana shafa tayar motar, yana tambaya ko sababbin za su iso kafin Asabar.