Delbert Ostrander da Hular Yaron da Ya Ɓarar

Ƙarfe shida na safe Delbert Ostrander yake buɗe ɗakin kayan wasa na kwalejinmu ta Pine Hollow. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wanke rigunan 'yan wasanmu na ƙwallon ƙafa irin na Amurka, yana ɗaure musu hulunan kwano. Ran Litinin kuma shi ke liƙa sitika mai sawun kerkeci, alamar ƙungiyarmu, a hular duk ɗan wasan da ya yi bajinta. Doka ɗaya ce: sai an ci wasa ake liƙawa. Wannan makon ya yi ritaya, kuma da kyar za ka sami mutum goma a garin nan da suka san sunan mahaifinsa.

Kowa ya san abin da ya same mu ran Asabar a zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Saura daƙiƙa huɗu, ana gabanmu da maki biyu, Tobias Renfro mai bugunmu ya buga ƙwallon da za ta ba mu maki uku, ta kauce wa sanduna. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya biyo baya ya fi ba ni haushi. Mutanen da ko matakala ba sa iya hawa sai da haki suka yi wa yaron ca, har ya haɗa kayansa ya ce ya bar makarantar.

Ran Litinin muna shan kofi a shagon Marlys, Royce mai sayar da taya yana ta ɓaɓatu, sai ga Delbert da hular Tobias a hammata. Ya dire ta kusa da farantin Royce.

"Ƙirga min sawun nan," in ji shi.

"Haba tsoho, bar ni in karya."

"Ƙirga dai, ai ka yi firamare."

"Tara."

"To, wasa tara ke nan da ƙafar yaron nan ta fitar da mu. A cikinsu har da ranar da ka rungume ni kana kuka, majina har wuyan rigata. Ko ƙarya na yi?"

Marlys ta ce, "Ni shaida ce, ni na ba shi tsumma."

Shago ya ɗauki dariya. Delbert ko murmushi bai yi ba. Ya zaro sitika daga aljihu, ya liƙa ta goma.

"Ai ba mu ci ba!" in ji Royce.

"Na sani. Je ka kai ƙarata, a kore ni."

Delbert, kai ne ka tsare dokar nan shekara talatin da huɗu, ko ɗan koci ba ka taɓa ɗaga wa ƙafa ba, kuma kai ne ka karya ta a ranarka ta ƙarshe. Mun ci goma sha ɗaya, mun faɗi biyu, ba kuwa za mu sunkuyar da kai don garin maƙwabta su ji daɗi ba. Mun gode, mai wankin kerketai. Masu tsinuwa kuma, ku koyi ƙirga kafin ku buɗe baki.

Jiya na bi ta filin. Tobias bai tafi ba. Yana can yana bugu cikin dusar ƙanƙara, hular nan a kansa, Delbert ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo yana riƙe masa ƙwallo.