Ranar da Asirina Ya Tonu a Kogon Teku

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina sauke kwalayen tumatir a kasuwar Aziziya can ƙasar waje, ina da wani hali: in hira ta yi daɗi sai na ƙara mata gishiri. A haka na gaya wa abokan ɗakinmu cewa a gulbin Maradi na girma, babu wanda ya kai ni iyo. Alhali ruwan da ya wuce gwiwa ban taɓa shigarsa ba.

Da hutun babbar Salla, abokina direba, ɗan Damagaram, ya kwashe mu mu huɗu zuwa bakin Bahar Maliya, tafiyar yini guda. Washegari wani dattijo masunci ya ɗauke mu a ƙaramin jirginsa don ya nuna mana kogon da teku ya ƙwaƙule a jikin dutse.

Muna shiga ya kashe inji. Sanyi ya rufe mu, ruwan kore shar, haske na rawa a rufin da ya fi na masallacin unguwarmu tsayi. Abokina ya yi sallama da ƙarfi, kogon ya maido masa. Garin miƙewa ya ɗauki hoto, sai jakar ledarsa ta suɓuce ta nutse. Iƙamarsa na ciki, katin da in babu shi ko shingen hanya ba zai wuce ba.

Duk suka juyo kaina.

"Yalla, ɗan gulbi, sauka!" in ji abokina.

Na leƙa ruwan, na dube shi, na ce, "Wallahi ban iya ba. Ƙarya nake yi."

Da aka fassara wa dattijon, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Mafi mushkila," ya ce, wato babu matsala, ya tuɓe riga ya faɗa. Nutso biyu ya fito da jakar a haƙora. Bai ƙyale ni ba kuma: ya ɗaura mini rigar hana nutsewa, ya riƙe igiya, ya sa aka zura ni ina ta salati. Can na ji ruwan ya ɗauke ni a rigingine, ina kallon rufin, abokaina na tafi kamar an ci ƙwallo.

Har yau ban iya iyo ba, amma na daina jin nauyin faɗin haka. Shekaru ina cika baki a tudu, kuma sai ranar da na ce ban iya ba aka samu wanda ya riƙe mini igiya na shiga teku.