Injin Washi da Wuƙar Ragon Suna

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar wata Lahadi, mu uku ne a zauren kawuna a Tudun Wada: shi kawun, da ni, da wani tsohon maƙeri da ke zuwa su yi hira bayan la'asar. Na riƙe lokacin ne domin a wancan zamani ni duba-gari ne, agogo ba ya barin aljihuna. Saura shekara biyar ko shida a ba mu mulkin kai. A wannan zama na faɗi maganar da ta ja mini sayen injin washi.

Sai na fara da yadda na shiga harkar wuƙa, don mu ba maƙera ba ne. Gidanmu gidan karatu ne, ni kaɗai aka sa a boko, ban kuma yi nisa ba. Aikina yakan kai ni kwata kowace safiya in duba tsaftar wurin. A can na fara lura da wuƙaƙen mahauta, wadda ke riƙe kaifi da wadda ba ta riƙewa. Daga kallo sai tambaya, daga tambaya sai na fara zuwa maƙerar tsohon nan ran Lahadi, da guntun sifirin mota a hannu. Ya bar ni in yi aiki da wutarsa da uwar maƙerarsa bisa sharaɗi biyu: in zo da gawayina, kada kuma in sayar da abin da na ƙera. Ban taɓa karya ko ɗaya ba.

Dukan ƙarfe ba ya cin lokaci sosai. Fitar da kaifi shi ne wahala. Da dutsen washi na hannu, wuƙa ɗaya takan ci mini Lahadi huɗu ko biyar.

To, a lokacin matata tana wata na takwas da cikin fari. Kawu ya ce ya riga ya kama ragon suna a wurin wani mai kiwo a Hanwa. Ni kuwa, ba wanda ya tambaye ni, na ce da wuƙar da na ƙera za a yanka shi.

Maƙeri ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malam duba-gari, ƙira fa ba leƙen randa ba ce."

Kawu bai yi dariya ba. Shi ke yanka a duk sunan da aka yi a danginmu, ba ya kuma wasa da wannan aiki. Ya ce, "Na ji, na karɓa. Amma ka san ƙa'idata. Ba na wasa wuƙa a gaban dabba. In kuwa na ɗora ta a wuya ta dakushe, na ɗaga hannu yanka bai cika ba, wannan rago ba a cinsa. Sai ka nemo wani, jama'a na zaune a ƙofar gidanka."

Na ce, "Na yarda, Kawu."

Ba ni da halin rago na biyu. Da hannu kuma ba zan gama wuƙar yanka kafin haihuwa ba, don doguwa ce, ta ninka waɗanda na saba yi. Saboda haka na shiga neman inji mai araha. Guda uku na gani, ga su yadda na bi su.

Na farko a wani kanti ne a Sabon Gari. Sabo ne fil, mai jan fenti, ana ɗaure shi a bakin tebur a juya da hannu. Kuɗinsa ya fi albashina na wata. Ko da ina da kuɗin, na lura hannu ɗaya zai yi juyi, ɗaya ya riƙe wuƙa, alhali doguwar wuƙa hannu biyu take so. Na gode wa mai kanti na fito.

Na biyu wurin wani tsohon kafinta ne a Kwangila. Dutse ne babba, ya kusa ƙafar amalanke girma, rabinsa na ƙasa a cikin komi cike da ruwa. A hankali yake juyawa, yana ɗebo ruwa yana jiƙa ƙarfe. Kafintan ya ce in ba shi abin goro kawai in ɗauka, don wuri yake cinye masa. Na samu aibu biyu. Ɗaya, sai da mutum na biyu da zai riƙa juyawa, ni kuwa daga ni sai mace mai tsohon ciki. Biyu, komin nan. Ni ne ke bin gidajen mutane ina kifar da tukwane saboda 'ya'yan sauro. In aka ji duba-gari ya ajiye kwantaccen ruwa a soron gidansa, da wane baki zan yi wa wani faɗa?

Na uku a nan Tudun Wada yake, wurin wani mai gyaran keke a bakin kasuwa. Shi ya haɗa shi da kansa. Gangar jikin tsohon keke ce aka kafa a kan katako, aka cire tayar baya, aka zagaya bel na fata daga babban wilin zuwa wani ɗan ƙaramin gare da ke jikin dutsen. Mutum ya hau sirdi ya taka feda, hannuwansa biyu suna sake. Ya ɗauko wata tsohuwar adda ya gwada mini. Tartsatsi ya tashi har gefen hanya, masu wucewa suka tsaya kallo.

Ya ce, "Malam, ka gani? Kafin ka gama gaisawa da mutum ta yi kaifi."

Na yi masa tambaya uku: ko bel ɗin yana zamewa, ko ana samun dutsen in ya cinye, ko zai shiga ƙofar soro. Ya amsa duka yadda nake so. Kuɗin bai kai rabin na kanti ba. Muka yi ciniki, aka kai mini shi gida a amalanke.

Da na gaya wa maƙeri, sai ya ce, "Na kafinta ya fi."

Na ce, "Baba, sauro fa."

Ya ce, "To, Malam, ka zaɓa. Ko sauro ko rago."

Na ɗauka irin tsokanarsa ce ta kullum. Ban tambaye shi dalili ba, shi kuma ba ya ba da abin da ba a tambaya ba.

Haihuwa ta zo ran Litinin, kusan mako biyu kafin lissafin mata. Namiji ne, uwa da ɗa lafiya. Suna ya kama Litinin mai zuwa. A lokacin wuƙar ta riga ta sha wuta, mun tsoma ta a man gyaɗa a maƙera ta yi tauri, na sa mata mariƙi na ƙaho, amma bakinta da kauri kamar bayan cokali. Ran Talata da Laraba, ina tasowa daga aiki sai in hau inji, masu barka na wucewa ta soro suna gaishe ni a kan sirdi. Na taka feda iya ƙarfina. Ƙarfen ya riƙa zafi har ba na iya riƙewa, sai na naɗe shi da tsumma na ci gaba. Da na gama, na ga bakin wuƙar ya canza launi, wani wuri ruwan ƙasa, wani wuri shuɗi kamar wuyan tantabara.

A aikina, abin da ya canza launi datti ne, gogewa ake yi. Na samo toka da yashi mai laushi na dirje shuɗin nan tas, wuƙa ta fito fara tana ƙyalli. Na gwada a gashin hannuna, ta aske. Na sa ta a kube na ajiye.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai wa kawu. Ya zare ta, ya juya ta a haske, ya aske gashin hannunsa. Na ɗauka an gama. Sai ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗauko wata busasshiyar tsirkiya ta fata, ya yanka sau uku. Ya sake gwadawa a hannunsa. Gashi ko ɗaya bai faɗi ba. Ya ɗaga bakin wuƙar ya nuna mini, kaifin ya lanƙwashe, yana walƙiya kamar zare.

Ya ce, "Wuyan rago ba gashin hannu ba ne. Akwai fata, akwai maƙogwaro, akwai jijiya."

Ya mayar da ita kube ya miƙo mini. Ya ce, "Tawa tana nan. In ka fasa, ba wanda zai sani sai mu uku."

Na ce ban fasa ba. Ya ce to, ya kawo wata magana.

Ran Asabar da na tashi aiki na ɗauki maƙeri a bayan kekena na kawo shi gida. Ya zagaya injin sau biyu. Ya sa farce ya kankari bakin wuƙar, sannan ya ɗauko magagari, abin gugar ƙarfe, daga aljihu ya goga. Magagarin ya ci bakin cikin sauƙi, amma da ya hau sama kaɗan sai ya riƙa zamewa.

Ya ce, "Ta yi shuɗi?"

Na ce, "Ta yi, amma na goge."

Ya ce, "Ka goge! Malam, gidan da ya ƙone, in ka share toka ya koma gida? Taurin da muka sa mata a wuta, shi ka cire da wannan keken naka. Da me ka riƙe ta?"

Na ce, "Da tsumma, saboda zafi."

Ya ce, "Yatsanka ya faɗa maka gaskiya, ka toshe masa baki da tsumma. Ku 'yan boko ke nan."

Gaskiyarsa ce. Na tambaye shi ko za a mayar da ita wuta. Ya ce a'a, bakin ya yi siriri, in ta sake shan wuta za ta karkace ko ta tsage. Hanya ɗaya ce: a cinye duk inda ya ƙone, kamar faɗin ƙwayar shinkafa daga baki, har a kai ga ƙarfe mai tauri, sannan a fitar da sabon kaifi. Kuma a yi shi da sanyi.

Ga yadda ya tsara aikin. Da fari ya sa na samo gwangwanin madara, ya huda gindinsa da ƙusa, muka rataye shi da waya a saman dutsen yana ɗiga. Ya dube ni ya ce, "Wannan ruwa dai ba ya kwana, ko za ka ci kanka tara?" Bayan haka ya hana ni hawa sirdi. Shi ya hau, tsoho da babbar riga a naɗe a kafaɗa, yana taka feda kamar mai rakiyar amarya. Sannan ya sa na yar da tsumma, na ɗora yatsu biyu tsirara a bayan bakin wuƙar, daidai inda dutse ke ci. Da na ji ɗumi sai in ɗaga in tsoma a bokiti. Tartsatsi bai tashi ba ko kaɗan, sai baƙin ruwa da ke fantsama a gaban rigata.

Muka yi haka har magariba ta gabato, muka kuma yi ran Lahadi tun daga hantsi. A ranar ya zo da wani gare na itace da ya sa aka sassaƙa masa, ya ninka na farkon faɗi sau uku, ya musanya. Da shi ko na taka da ƙarfi dutsen ba ya gudu kamar da, sai na koma sirdi shi ya zauna yana cin goro yana mini gyara. Duk bayan ɗan lokaci yakan karɓa ya goga magagari. Wajen azahar magagari ya zame daga tushe har tsini. Ya ce, "To, yanzu ka kai ga wuƙa." Na ƙarasa a dutsen hannu, na bi da fata.

Na kai wa kawu bayan la'asar. Ya yanka tsirkiya sau uku, ya ƙara na huɗu da na biyar, sannan ya gwada a hannunsa. Ta aske. Sai ya sa ta ƙarƙashin buzunsa.

Ran Litinin, ƙarfe bakwai saura kwata na safe, bayan an yi addu'a an raba goro, aka shiga da rago bayan soro aka kwantar da shi yana fuskantar gabas. Na ga kawu ya zo da wuƙa biyu a cikin riga, tasa da tawa. Ya ajiye tasa a kan katanga inda hannunsa zai kai. Ya ɓoye tawa a bayansa har ya durƙusa, don kada ragon ya gani. Ya yi bisimilla da kabbara, ya ja. Bai ɗaga hannu ba sai da yanka ya cika.

Ya wanke ta, ya share da gefen tsumma, ya duba bakin. Ya ce, "Ta yi. Ta dai rame."

Gaskiya ta rame, don abin da muka cinye ya sa ta fi kubenta siranta, tana girgiza a ciki. Sai da na sa baduku ya matse kuben. Kawu bai mayar mini da ita ba, da ita ya yanka ragon ɗana na biyu da na uku. Injin kuwa ya yi shekaru a sorona, da garensa na itace da gwangwaninsa. Kowace yamma in na gama sai in zubar da ruwan bokiti in kife shi.

Ban ga laifin mai gyaran keke ba. Adda ya gwada mini, ta kuma yi kaifi kamar yadda ya faɗa. Tambaya uku na yi masa ya amsa, ta huɗun ce ban san da ita ba.

Kai mai karatu, in kana da sha'awar wannan aiki har za ka sayi injin washi, ko wane iri ne, ina roƙonka abu ɗaya. Ka tafi da guntun ƙarfenka a aljihu, ka ɗora shi a kan injin da yatsunka tsirara, ka ƙirga goma a hankali. In ka kasa riƙewa kafin ka kai goma, ka tambayi mai shi yadda ake rage masa gudu, kada kuma ka biya sai ya nuna maka.