Baƙin Layin da ke Cikin Kawu Tasta

Yayan mahaifiyata injiniyan lantarki ne. Mu yara muka laƙaba masa Kawu Tasta, saboda sukudireban gwada wuta da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa, ko da gidan gaisuwa za shi. Mama ta ce tun yana ƙarami ya kwance rediyon kakanmu ya mayar, har ƙusoshi suka yi saura, rediyon kuma bai ƙara magana ba. Daga nan aka san inda ya dosa.

Da ya gama jami'a sai ya kama aiki da kamfanin da ke girka na'urorin ɗaukar hoton cikin mutum a asibitoci. A nan gashinsa ya yi fari. Ɗakin aikinsa kullum ƙaurin dalma, teburi cike da wayoyi da matattun allunan lantarki. Bai yarda da kowane hoto ba. Ko na ɗaurin aurensa, cewa yake hasken ya yi yawa.

Bayan ya yi ritaya ciwo ya kama shi a gefen dama. Ya rame, abinci ba ya zama. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta yi ta fama kafin ya yarda aka je asibiti, ni ce ɗauke da jaka. Likita ta shafa masa mai a ciki, ta ɗora masa kan na'urar ɗaukar hoto. Maimakon ya kwanta shiru, sai ya ɗago wuya yana leƙen allo.

"Baba, tsakuwa ce a matsarmama," in ji likita. "Ga inuwarta, baƙin layin nan. Sai an yi aiki."

"Wace tsakuwa? 'Yata, kan na'urarki ne ya mutu. Idan ƙwaya ɗaya ta ƙone a ciki, haka take zana layi. Na gyara irinsa kafin a yaye ki."

"Injiniya," Inna ta ce, "a gyara ka muka zo, ba ka gyara su ba."

Ya ce wuƙa ba za ta taɓa shi ba a kan laifin waya, har ya fara laluben takalmi. Likita ta gaya masa idan ya tafi abin zai iya ruɓewa, ya ce ya ji. Sai Inna ta ajiye mayafi.

"Kai ka ce idan laifin na'ura ne, kowa aka ɗora wa layin zai fito. Sauka."

Ta haye gadon. Aka shafa mai, aka ɗora. Allo fes, babu layi. Kawu ya karɓe kan na'urar, ya juya shi, ya murɗa wayar, ya hura masa iska. Sannan ya ɗora a nasa cikin da hannunsa. Layin ya dawo, baƙi ƙirin.

Ya daɗe yana kallo. 

"Na'urar lafiyarta lau," ya ce a hankali.

"Madalla," in ji Inna. "Saura mai gardamar."

Ya koma ya kwanta, ya miƙa wa likita kayanta. "Yaushe za ku buɗe ni?"

An yi aiki, ya tashi lafiya, yanzu yana cin har rabon jikoki. Inna kuwa ta samu abin faɗi. Duk baƙon da ya shigo gidan sai ya ji cewa likita ta duba cikinta kyauta, ta ce ba ta taɓa ganin hanta mai kyan tata ba.