Saukar Malam Daga Keke a Bakin Tafki

Maigidana mutum ne mai gaisuwa. In na ce mai gaisuwa, ina nufin irin wanda za a aika sayen gishiri, miya ta nuna ta huce bai dawo ba. Tun yana malamin firamare a ƙauyenmu na kudancin Kaduna da keke yake zuwa makaranta, kuma duk dattijon da ya gani a hanya sai ya sauka, ya cire hula, ya tambayi kwana da gajiya da iyali, har da akuyar da ta yi ciwo. Haka aka rene shi, ba a gaida babba daga kan keke. Na sha yi masa faɗan latti har na gaji na bari.

Da muka zo Greensboro a Amurka bai canza hali ba, wurin gaisuwar ne ya rasa. A titin Wendover wa za ka gaisar? Mota na bin mota, kowa gilashi a rufe. Sai ya riƙa tara gaisuwarsa ta mako, ranar Asabar ya juye ta a shagon wani Alhaji ɗan Nijar da ke Gate City Boulevard, inda muke sayen gero da daddawa. Abin da ya rage ya kai coci ranar Lahadi.

Wata safiya yana shirin fita aiki ciwon shanyewar jiki ya same shi. Allah ya taimaka, hannu da ƙafa suka dawo cikin 'yan watanni. Harshe ne ya ƙi. Kana ganin maganar a idonsa, amma sai ta maƙale a hanya. Mutanenmu kuwa suna da kirki, haƙurin jira ne babu. Kafin ya fitar da "ina kwana" an riga an ce, "Lafiya lau, Malam, sannu, kada ka wahalar da kanka." Da abin ya yi yawa sai ya daina. In mun je shago, a mota yake zama. A coci yakan sulale kafin a tashi. Ba mutuwa nake tsoro ba a lokacin. Tsorona kada in ƙarasa kwanakina da mutumin da ya daina gaida mutane, domin ba shi na aura ba.

'Yarmu ta fari ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin gari a Ireland. Ita ta kira ta ce, "Mama, ku zo summer ɗin nan. Hanyoyin nan babu traffic, Baba zai hau keke."

Na ce, "Ni kuma fa? Rabona da keke tun ina budurwa."

Ta ce in koya. Haka na je garin Pleasant Garden da ke kusa da mu, gidan wata 'yar'uwa ta coci mai ƙaton fili, ina ta zagaye da zane ɗaure a kan wando. Na faɗi cikin ciyawa ƙafafu sama, Malam yana tsaye kafaɗunsa na rawa. Dariyar ma a lokacin ba ta da sauti.

Ƙasar Ireland ruwa ce aka yayyafa wa tudu. Ka bar tafki ka tarar da tafki, tsakaninsu kogi mai tafiya a hankali da gada ta dutse. Hanyoyin da muka bi sirara ne, ciyawa ta tsiro a tsakiyarsu, gefe da gefe katangar duwatsu da tumaki masu fenti a gadon baya. Ta hagu suke tuƙi, abin da ya yi ta rikita ni. Malam kuwa ta hagu ya koyi keke yana yaro, kafin a sauya hannu a gida, don haka ƙafafunsa suka gane wurin nan da nan. Shi ne a gaba, ni a tsakiya ina haki, 'yarmu a baya. In mota ta zo wucewa, direban yakan ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Na ce wa Malam wannan ita ce gaisuwar marowata. Sai na ga yana bin motar da kallo.

Wata rana da hantsi, yayyafi ya ɗauke, muna gangarawa wajen wani tafki da 'yarmu ta ce a can ƙarshensa akwai wurin shan shayi. Kwatsam sai Malam ya ja birki, ya sauka, ya tsaya riƙe da keken, hannu ɗaya a wuyansa. Na yar da nawa keken a tsakiyar hanya ina kiran sunan Yesu. 'Yarmu ta wuce ni da gudu, waya a hannu.

"Baba, ɗaga hannu biyu! Kalle ni, yi murmushi!"

Ya ture hannunta a hankali. Ashe maɗaurin hular kwano yake kwancewa. A bayan shingen da ke gefen hanya, jingine da ƙofar ƙarfe, akwai wani tsoho da ya girme shi nesa ba kusa ba, da karensa, da shanu a bayansa. Mu ba mu gan shi ba, Malam ya gan shi.

Ya cire hular, ya rusuna kaɗan, ya buɗe baki. Maganar ta maƙale. Bakina ya yi ƙaiƙayi in taya shi, na danne. Tsohon ma ya cire tasa hular, ya gyara tsayuwa, ya jira kamar yadda makiyayi ke jiran shanu su gama shan ruwa.

Da Turanci Malam ya yi gaisuwar, amma ta gida ce sak. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi shanu, kowace kalma sai da ya yi kokawa da ita. Sannan ya nuna sama ya yi masa barka da ruwa. Tsohon ya fashe da dariya, ya ce tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa murnar ruwan sama ba, ciyawar da ya yanka ma tana can tana ruɓewa. Malam ya yi dariya shi ma, wannan karon da sauti.

Sai ya tambayi iyali. Tsohon ya dubi karensa, ya ce matarsa ta rasu a hunturun da ya wuce, yanzu daga shi sai karen.

Malam ya jingina keken da ƙofar, ya kama hannun tsohon da hannu biyu. "Allah ya ji ƙanta. Allah ya ba ka haƙuri." Da Hausa ya faɗa, kuma tiryan-tiryan ta fito, babu inda ta tsaya. Tsohon bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya yi alamar gicciye, ya riƙe hannun ya daɗe bai saki ba. Na juya wajen tafkin ina share ido, na ce iska ce.

Shayin nan ba mu sha shi ba. Daga nan duk mai furfurar da muka gani sai Malam ya sauka, ƙasar kuwa cike take da tsofaffi masu tsayuwa a bakin ƙofa. Muka isa an rufe wurin. Na yi masa faɗa sosai, irin na da, raina kuwa fari ƙal.

Asabar ta farko da dawowarmu Greensboro, na tsaya a ƙofar shagon Alhaji, na kashe mota na ce, "Yanzu zan fito." Sai na ji ƙofarsa ta buɗe. Ya riga ni shiga.

Alhaji ya taso da sauri. "A'a, Malam! Sannu, sannu, kada ka wahal..."

Malam ya ɗaga hannu. "Tsaya, Alhaji. Ni... zan fara."

Ya cire hula. Alhaji ya ajiye abin da ke hannunsa, ya jira. Na bar miya a gida ranar, na san za ta huce. Na jawo buhun gero na zauna.