Akuyar da Na Kasa Mayarwa

Har yau in aka tayar da zancen garken da na kafa a ƙauyenmu, abin da mutane ke cewa shi ne rashin kunyata da taurin kaina ne suka kashe awakin mata. Wasu su ce boko ne ya hau mini kai, wasu su ce daga waya na kwaso abin da ba namu ba. Duk ba haka ba ne, kuma na gaji da jin sa, shi ya sa na rubuto muku. Ni na san ranar da na yi kuskuren, kuma a ranar ban yi wa kowa rashin kunya ba. Kunya ce ma ta rufe mini baki.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba. Ina zaune a gida, an yi mini baiko da wani ɗan garinmu da ke aikin gini a Bacirawa, ana jiran ya haɗa abin da zai haɗa. Ni mutum ce mai faɗar abu yadda yake, kuma ba na iya jira. In na ga ana yin abu a wahalce alhali akwai hanya mai sauƙi, sai in ji kamar in fashe. Inna ta sha ce mini bakina ya riga hankalina isa wuri, ni kuwa in ce ai gara ya isa da a ce bai je ba.

A wajenmu, ta gefen Zakirai, gona manne take da gona, babu wani fili da aka bari don kiwo. Da an yi shuka mai gari zai sa a yi shela a ɗaure dabbobi, daga nan kowace mace ta kafa wa awakinta turke a tsakar gida sai kaka. Duk damina suna tsaye cikin taɓo, kofatonsu ya ruɓe, su rame, gida ya cika da ƙuda. Ciyawar da za su ci kuwa 'yan mata ne ke yankowa kafin su tafi makaranta. Ni kaina na sha bulala a bakin ƙofar makaranta saboda makara, hannuna kore shar da ruwan ciyawa. Wata rana ina jin wani shiri a rediyo inda matasa ke faɗin 'yan dabarun da suka ƙirƙiro don gyara wani abu a unguwanninsu, sai na ce to ni me ya hana ni? A bayan gidanmu akwai kangon kakana, a kan tudu yake, ruwa ba ya kwanciya. Sai na ga in aka kewaye shi da danga aka kafa rumfa, za a iya tara awakin unguwa wuri ɗaya, kowane gida ya yanko ciyawa a ranar da layi ya zo kansa maimakon kullum.

Da na gaya wa Baba sai ya yi dariya, ya tambaye ni ko duk karatun nan na yi shi ne don in zama makiyayiya. Amma ya ba ni kangon. Mazan unguwa kuwa ba awakin ne damuwarsu ba, taki ne, don abin da miji ke samu daga akuyar matarsa ke nan, shi yake kaiwa gona a mangala. Da na ce za a tara takin a raba gwargwadon yawan awakin kowane gida, sai suka yarda. Wadda ta fara ba ni nata wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu da muke kira Iya. Ba 'yar uwarmu ba ce, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji, gwiwoyinta kuma sun daina yarda da sunkuyon yankan ciyawa. Awaki uku gare ta. Idan hatsi ya ƙare kafin sabo ya nuna, ɗan akuya take sayarwa ta auno, idan ciwo ya kama ta ma haka. Da ta miƙo mini igiyoyin, ta ce in sani ba awaki ta ba ni ba, tuwonta na baɗi ta ba ni. Na ce ta kwantar da hankalinta.

Ban shiga abin a makance ba. Sai da na je wajen likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, ya zo ya yi musu rigakafi, ya kuma ja mini kunne a kan abu ɗaya: kada dabbar da aka sayo daga kasuwa ta shiga garken sai an ware ta na wani lokaci an ga lafiyarta. Na mai da wannan doka, na kuma tsare ta da bakina. Har Gwaggo, yayar Baba, sai da na mayar mata da tunkiyar da ta sayo. Ta tsaya a bakin danga tana faɗa, tana cewa ita ta goye ni a bayanta har na yi mata fitsari. Na ce mata ai ba tunkiyar ce ta goye ni ba. Maganar nan ta zaga gari, daga ita aka sa mini sunan mara kunya. Ban damu ba, don abin yana tafiya. Awaki sun yi ƙiba, gashinsu na sheƙi, 'yan mata suna isa makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa, tulin taki ya fi tsayina. Matan wata unguwa har turowa suka yi a ga yadda muka yi.

Ana tsakiyar damina, wata ranar kasuwa da la'asar, Hajiya, mahaifiyar wanda zan aura, ta zo da kanta, tana jan wata jar akuya. Wanda ya san ƙauye ya san yadda yarinya take da uwar mijin da za ta aura. Ba ka kama sunanta, ba ka haɗa ido da ita, in ka hango ta ma ɗaki kake shigewa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce a kasuwa ta ga akuyar ta yi mata kyau, ta saya wa amaryarsu, a sa ta a garken nan da ake ta yabo ta yi ta haihuwa kafin in tare. Daga inda nake durƙushe na ga majina a hancin akuyar, na ga idonta na ruwa, na ga gindin wutsiyarta a ɓace. Ba zan ce ban gani ba. Ita ma Hajiyar ta lura ina kallo, sai ta ce gajiyar hanya ce da dukan ruwan sama. Maganar tana bakina, irin wadda na gaya wa Gwaggo. Inna ta yi mini wani kallo daga bakin ƙofa. Abin da ya fito daga bakina shi ne godiya da addu'ar Allah ya ƙara arziki. Hajiya da kanta ta buɗe ƙyauren ta shigar da akuyar.

Na gaya wa kaina da ta tafi zan fitar da ita in ɗaure a gidanmu. Amma ta riga ta ce za ta riƙa leƙowa da safe tana duba ta, kuma ta riƙa zuwa. Na ji tsoron a ce na raina kyautar suruka tun ban shiga gidanta ba. Sai na ɗaure akuyar a wani lungu na rumfar, ina yaudarar kaina wai ai na ware ta. A kwatarniya ɗaya suke shan ruwa da sauran.

Ba a daɗe ba tari ya fara, sai ƙuraje a baki, sai zawo. Na kira likitan, ya zo ya yi allurai, ya ce an makara. A gaban matan da suka taru ya tambaye ni wace sabuwar dabba ce ta shigo. Na sunkuyar da kai na ce ban sani ba. Ya kalle ni, ya tattara kayansa ya tafi. Daga nan kowace mace ta kwance nata ta mayar gida, ciwon kuwa ya bi su har gidajen da ba su taɓa shiga tsarin ba. Maza suna ta yanka da sauri kada su zama mushe, nama ya yi yawa har ba mai so. Awakin Iya biyu sun mutu, ɗaya ma da ciki, ta ukun aka yanka ta tana numfashin ƙarshe. Ita kuwa jar akuyar ta warke. Hajiya ta ɗauke ta, tana gaya wa mutane Allah ne ya tsare mata ita daga rigimar yarinyar nan.

Na sha zagi, kuma zagin bai dame ni kamar yadda Iya ta dame ni ba, don ita ba ta zage ni ba. Ta zo kangon ta tattara igiyoyinta tana naɗewa a hannu. Ta ce abin da Allah ya ƙaddara ba ya wuce ranarsa, kada in sa a raina. Abu ɗaya kawai ta tambaye ni, ko na bi duk abin da likita ya ce. Na ce mata na bi. Ta gyaɗa kai ta ce to shi ke nan, ba laifina. A wannan shekarar, kafin gero ya nuna, Iya ta koma yi wa mutane surfe da sussuka don ta sami na tuwo, da gwiwoyin nan nata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan da ta fi yi wa aiki. Ina jin bugun taɓaryarta, sai ta yi kaɗan ta tsaya ta huta, ta sake ɗauka. Na daina iya cin abinci a tsakar gida.

Da wanda zan aura ya zo gida na gaya masa komai. Ya ce in bar maganar, rufin asirin mahaifiyarsa rufin asirina ne, kuma ai ita ba ta sani ba. Gaskiyarsa, ba ta sani ba. Ni ce na sani. Ya ce da an yi biki kowa zai manta. Wataƙila kowa zai manta, amma Iya tana nan tana kare ni a gaban mutane, tana cewa yarinyar ta yi iya ƙoƙarinta, alhali ƙarya na yi mata.

Ina jin matasa da yawa a rediyo da waya suna zumuɗin kawo sabbin dabaru, kuma ba na hana kowa, don har yanzu ina ganin dabarar garken nan mai kyau ce. Amma duk wanda zai tara kayan mutane a hannunsa, musamman na waɗanda ba su da wani abu bayan shi, ya zauna tun farko ya tambayi kansa wane ne mutumin da ba zai iya ce wa a'a ba. Kowa yana da irin wannan mutumin, ko suruka, ko malami, ko mai gari. In ka san ba za ka iya tsare dokarka a gabansa ba, ka sa wani a bakin ƙofa, ko kada ka karɓi kayan kowa. Ni na zaci bakina ya fi ƙarfin kowa, sai da aka zo kan wadda nake jin nauyinta.

Yanzu an sa ranar bikin, bayan sallah. Jar akuyar ta haifi biyu a gidan Hajiya, kuma da bakinta ta ce tawa ce. Na gaya wa wanda zan aura abin da zan yi, ya ce in maganar ta kai kunnen mahaifiyarsa bai san inda za ta tsaya ba. Ni ma ban sani ba. Amma na yanke shawara. Zan fara shiga wajen Iya in gaya mata na ga majinar da idona na bar akuyar ta shiga, in kuma gaya mata na yi mata ƙarya. Daga nan zan je gidan Hajiya in durƙusa kamar yadda na durƙusa a wancan karon, in faɗa mata abin da ya faru, in roƙe ta ta ba ni akuyar da 'ya'yanta in kai wa Iya. In bikin ya tsaya saboda haka, sai ya tsaya.