Dattijon da Ke Tari a Rediyo

Yayana tela ne, amma ba a ɗinki ya yi fice ba. In ya ɗinka maka wando, sai ka yi addu'a ƙafafun su zo daidai. Baiwarsa a maƙogwaro take. Tun muna yara yakan laɓe ya yi muryar Baba, mu watse da gudu, shi ya zauna ya cinye abincin.

Shagonsa yana cikin jerin shagunan bakin babban titi. Wata rana wani mai baƙar mota ya kawo gyaran riga, ya tarar yana kwaikwayon wani kwastoma, ya ce yana da aikin da ya fi ɗinki. Aikin ba wuya. Da safe a turo masa abin da zai faɗa ta waya, ya tura ƙofar shago, ya kira shirin rediyon da jama'a ke bugowa su faɗi ra'ayinsu. Yau ya yi muryar direba, gobe ta malamin makaranta mai ritaya. Wanda ya fi karɓuwa shi ne tsohon manomi, mai yin tari kafin magana, mai cewa shi bai san siyasa ba, gaskiya kawai ya sani.

Na taɓa tambayarsa ko ya yarda da abin da yake faɗa. Ya ce shi tela ne, yadi ake kawo masa ya ɗinka, ba ya tambayar wa zai sa. Ko sunan mai motar bai sani ba, balle wanda ya aiko shi.

Innarmu kuwa, tun da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, rediyo ne abokin hirarta, kuma ta yarda da manomin nan ɗari bisa ɗari. Da ya yi tari, kowa ya kama bakinsa a ɗakin. Ni na sani, matar Yaya ta sani, ba wanda ya gaya mata. Da farko dariya abin yake ba mu. Daga baya dariyar ma ta ƙare, muka saba.

Bara aka fara turo masa maganar shagunan bakin titi: wai sun tare hanya, sun zama maɓoyar ɓarayi, duk ɗan takarar da zai rushe su shi ne mai kishin talaka. Yaya ya ɗauka wata unguwa ake nufi. Ko kuma bai ɗauki komai ba, don a lokacin yana karantawa ne yana ɗinka maɓalli. Direba ya faɗa, malami ya faɗa, manomi ya yi tari ya faɗa. Kafin zaɓe, har a layin famfo maganar ke nan. Bayan zaɓe aka zo aka shafa wa ƙofar shagonsa jan fenti, alamar za a rushe.

Ya nemi mai motar, lambarsa ba ta shiga. Sai ya kira rediyo da muryarsa ta gaskiya, abin da bai taɓa yi ba. Na ji shi: murya siririya, yana in'ina, ya rasa ta inda zai fara, don ba wanda ya rubuta masa. Mai gabatarwa ta katse shi, ta ce an san irin waɗannan masu kiran da ake turowa.

Ranar da aka rushe jerin, ya ɗauko keken ɗinkin ya sauke a ɗakin Inna. Ta ce ya yi haƙuri, amma dattijon nan bai yi ƙarya ba, wurin ya lalace.

Yaya ya durƙusa a gaban gadonta.

"Inna, babu wani dattijo. Ni ne."

Ya yi tarin, ya yi mata muryar. Ni dai ina tsaye, ban ji komai a raina ba, ina kallon zaren da ke lilo a jikin keken.

Inna ta daɗe tana dubansa.

"Shagon ne ya taɓa maka kai? Da furfurarka kake kwaikwayon dattijon mutane. Mutumin da ya fi ka gaskiya."

Ta juya fuskarta bango. Yaya ya miƙe, ya tambaye ni ko keken zai shiga bayan ƙofa.